Sabi'u, Ka Zo Gida, Amma Ka Baro Takalman a Can

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fata wannan takarda ta same ka da sauƙi. Ban ce cikin ƙoshin lafiya ba, domin na ga ƙafarka da idona, kuma ƙaryar da na yi a 'yan makonnin nan ta ishe ni haka. Inna tana gaishe ka, iyalina suna gaishe ka, gari duka yana gaishe ka, ko da yake gaisuwar gari a kwanakin nan da biyu ake yin ta.

Za ka yi mamakin ganin maganar gidanmu a shafin jarida, alhali kana da waya a aljihu, ni kuma da na taka zuwa kan gadar kanal inda ake samun sabis zan same ka. Na taka ɗin. Na tsaya da lambarka a hannu har rana ta dake ni, na juyo. Ka san halinmu, babba ba ya iya buɗe baki ya ce wa ƙaninsa ya yi kuskure, sai dai ya yi ta kame-kame yana tambayar ya gajiya. Sannan a bainar jama'a na yi cika bakin, don haka a bainar jama'a ya kamata in lashe amaina. Na san a teburin mai shayi za a karanta wannan da ƙarfi, yadda ake karanta shafin wasanni duk mako, kuma haka nake so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka sani, saboda baƙin da za su ci karo da takardar. Mu 'ya'yan kanal ne. An haife mu ruwan madatsar Tiga ya riga ya biyo kanal, wato magudanar noman rani, ya iso ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, don haka ba mu taɓa sanin abin da sauran manoma suke kira rani ba. Damina shinkafa, kafin a gama yanke ta an fara renon tumatir, ana dashe albasa tana jira, alkama kuma tana bayanta. A wani wurin manomi yana kai amfani gida sai ya jingine fartanya, tamu fartanyar ba ta san bango ba. Shi ya sa a garinmu in aka ga namiji a kwance da rana, tambaya ɗaya ake masa, a ce zazzaɓi ne? In ya ce a'a, to ya gama samun sunan raggo.

Lokaci ɗaya ne a shekara muke samun sarari, in an kwashe tumatir aka rufe ruwa don a yashe kanal kafin damina. 'Yan makonni ne kawai. Mu kuma da yake zama ciwo ne a wurinmu, sai muka cusa kofin ƙwallo na ƙauyuka a cikinsu. Tunda lokacin gajere ne, kullum wasa ake, ka buga yau ka buga gobe, a filin firamare da zafin bazara ya gasa har ya koma kamar daɓe. Shekara da shekaru 'yan Bunkure suna ɗauke kofin nan, su bi ta gaban kasuwarmu a kan babura suna ɗaga mana shi.

A bakin kanal ɗin nan ka koyi ƙwallo. Ina tuna ka da ƙwallon tsumma, in ta faɗa ruwa kai ne mai bin ta a guje ta gefen gaɓa, ka sha gabanta ka tsamo ta kafin ta shige ƙarƙashin gada. Ina tuna ranar da Baba ya aike ka kai wa masu tsinkar tumatir kwanduna, aka same su a jere a bakin hanya ka mai da biyu raga. Ni na tare maka dukan ranar. Ban faɗa don gori ba, na faɗa ne don ka ga cewa da can na san aikin yaya.

Allah ya ɗaga ka, ka kai inda babu ɗan yankinmu da ya taɓa kaiwa. Kana buga tsakiya a babban kulob na Kudu, a babbar gasar ƙasa, bana kuma ga kofin ƙasa, ga gasar Afirka a kai. Mu a nan daɗi kawai muke ji. Yawan wasa a wurinmu yawan jin sunanka ne a rediyo.

Ka sha gaya min a waya. Ka ce, "Yaya, ciwon wasan Laraba bai sake ni ba na Asabar yake zuwa." Ka tuna abin da nake ce maka? In yi dariya in ce ka zo ka yi wuni ɗaya a duƙe cikin fangalin shinkafa kana dashe, sannan mu yi maganar gajiya. A gidan kallo ma ni ne shugaban masu wannan waƙar. In aka ce an hutar da wani ɗan wasan Turai a benci, ni nake fara tashi in ce ku ji raggo, mutumin da aikinsa bai kai tsakanin la'asar da magariba ba wai shi ne ya gaji. A yi ta shewa, ni kuma ina jin kaina mai hikima.

To, baki shi ke yanka wuya. Wata safiya a teburin mai shayi wani dillalin albasa daga Bunkure ya tsokane ni, ya ce ɗan'uwan nan namu da muke kuri da shi a rediyo kawai ake jin sa, ƙila ma sunan ne ya zo ɗaya. Jama'a suka yi dariya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ajiye kofi na ce bana kai za ka buga mana kofin daga farko har ƙarshe, tunda hutunku na ƙarshen kakar wasa ya faɗo daidai da rufe ruwa. Na ce ni ne yayanka, ni na goya ka, in na kira ka ko daga ina za ka taho. Ban tambaye ka ba. A kaina lissafin ya zauna daram: an kwashe wancan amfanin, fili ya samu, sai a dasa wani. Haka muka iya.

Kafin in ankara magana ta fi ƙarfina. Kwamitin kofi ya ɗauko mota mai lasifika tana zaga ƙauyuka da sunanka. An manna hotonka a injinan shinkafa na Kura, an manna a bayan kekuna masu ƙafa uku. Sai aka ce tunda ni na yi alkawari, in je da kaina in tabbatar. Na hau motar tumatir ta ƙarshe da ta yi Kudu, ina zaune a gaba ina tsara yadda za mu kaɗa wa 'yan Bunkure kofi a ƙofar kasuwarsu.

Ranar wasa na sauka. Na shiga filin nan, na gan ka a cikin jesi, cinyarka ta dama ɗaure da bandeji, ka buga tun daga busar farko har ta ƙarshe. Na yi ta taɓa na kusa da ni ina cewa ƙanena ne, ko Hausa ba ya ji. A ranar babu wanda ya kai ni girma a filin.

Sai muka koma masaukinku. A nan na ga abin da rediyo ba ya faɗa. Na ga samari majiya ƙarfi suna saukowa daga mota ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin da suka dawo daga jana'iza. Na ga ka shiga duro cike da ƙanƙara har ƙugu, ka cije leɓe, idonka a rufe. Na ga ka hau bene kana dafa bango, kana jan ƙafar a baya, kana yi min hira don kada in lura.

Da aka kira magariba ka shimfiɗa min sallaya, kai kuma ka jawo kujera. A zaune ka yi salla, Sabi'u. Baba har ya tsufa ban taɓa ganin ya yi salla a zaune ba sai a ciwonsa na ajali. Kai ko talatin ba ka kai ba. Na sallame na juyo na ga kana sunkuyar da kai a madadin sujada, na yi maza na kau da ido kamar na leƙa abin da bai kamata ba.

Likitan kulob ɗinku ya shigo ya duba ka. Da ya ji ni yayanka ne sai ya juyo yana min bayani da Turanci, kana fassarawa, kuma na lura kana rage wa maganar gishiri. Amma ɗan abin da na tsinta a makaranta ya ishe ni. Ya ce tsokar bayan cinyar ta fara tsagewa, ba a ba ta lokacin haɗewa ba ake sake ɗora mata wani wasan. Ya ce saura 'yan wasanni a rufe kaka, suna lallaɓa ka ne ka kai, daga nan ba gudu, ba ƙwallo, sai kwanciya har hutun ya ƙare. Ya ce in ta yage gaba ɗaya, ko ta warke ba lalle ka dawo yadda kake ba.

Da muna cin abinci ka ba ni labarin yadda watannin suka kasance. Ku buga a can ƙarshen Arewa, ku kwana a mota gwiwa tana dukan kujerar gaba, ku sauka a bakin teku ku sake bugawa. Ku dawo daga wata ƙasa jakarku ba a kwance ba a ce ga kwantan wasa yana jira. Ka ce har ka daina tambayar wane gari kuke, launin jesin abokan karawa kawai kake dubawa. Ka faɗa kana murmushi. Na yi ta zagin masu tsara wasannin, na ce mutane suna zaune a ofis a ƙarƙashin fanka suna rubuta ranaku a takarda, ba su san da nama da jini ake buga su ba.

Nan ne wurin da alƙalamina yake nauyi. Na ga duron ƙanƙara, na ga kujerar salla, na ji likita da kunnena. Na ci abincinka, na wanke hannu, sannan na gyara murya na isar da saƙon gari. Har da ƙari na yi. Na ce ai wasan ƙauye ne, a wurinka motsa jiki ne. Na ce an riga an manna hotuna, in ba ka zo ba ban san inda zan sa kaina ba. Bakin da ya gama zagin masu takarda shi ne ya ɗora maka wasan kullum a cikin ɗan hutun da suka bar maka. Su ko ba komai ba ciki ɗaya kuka fito ba.

Ka kalli ƙasa. Sannan ka ce, "To, Yaya."

Washegari ka raka ni bakin titi, kuma da na kai hannu zan ɗauki jakata ka riga ni, ka rataya ta kana ɗingishi, don ƙane ba ya barin yayansa da kaya. Na bar ka ka ɗauka. Duk lokacin da na tuna wannan jakar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na iso gida Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ta tambaye ni yaya na same ka. Na ce lafiya lau, har ka yi ƙiba. Ba ta ɗago ba. Ta ce tun ina yaro in zan yi ƙarya ƙofa nake kallo. Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba.

Da aka rufe ruwa na je duba gonar Baba ta bakin ƙaramin kanal. Ka san bana tumatir ɗin wurin bai yi abin kirki ba, ganye ya yi ta rawaya, na yi ta ɗora laifin a kan iri da taki. Da ƙasar ta bushe sai na ga fari-fari ya fito a samanta kamar an barbaɗa kanwa, can ƙasan kuma ciyawar kacalla ta cinye wurin da ruwa yake kwanciya. Ka tuna Baba duk shekara yana barin wani gefe ba shuka, yana juya shi, mutane suna masa dariya suna cewa tsoho yana noma irin na kafin kanal? Yakan ce, "Ƙasa ba ta cewa ta gaji, sai dai ta daina ba ka." Shekarar da ya rasu na cike gefen nan da albasa, ina ganin na fi shi dabara, kuma tun daga nan ban sake ɗaga mata ƙafa ba.

Na zauna a kan kunya na daɗe. Ita ƙasa tana da uzuri a kaina, ba ta da baki. Kai kana da shi, ka faɗa min, na yi dariya.

A nan ne na fara ganin wasan yadda zai kasance, ba yadda na zana shi a motar tumatir ba. Na san filinmu, na san ramukansa. Na san samarinmu da na Bunkure, kowannensu burinsa a ce shi ne ya kai ɗan babbar gasa ƙasa, ya samu abin ba da labari har ya tsufa. Alƙalin wasanmu malamin firamare ne mai tsoron 'yan kallo. Kai kuma na san ka, in ka ji an kira sunanka ba ka iya buga rabin ƙarfi. Ka yi haka yau, ka yi gobe, ka yi jibi, da cinyar da aka ce ko gudu kada ta yi.

Na je taron kwamiti da niyyar in faɗi gaskiya. Na fara, na ce ƙafarka ba ta da daɗi sosai. Shugaba ya ce bakin alƙalami ya bushe, wani ya ce ko rabin lokaci ne ka riƙa shiga, wani ya ce ai yaran yanzu da sun ji daɗin birni sai jiki ya mutu. Wannan ta ƙarshen maganata ce, daga bakina ya koye ta a gidan kallo. Na duba fuskokinsu, na ga dillalin albasa a raina yana dariya, sai na ce Allah ya kai mu, na tashi. Ka ga ke nan sau biyu ina sayar da ƙafarka don in tsira da fuskata.

Shi ya sa na koma ga takarda, ita ba ta ganin ido balle ta ji nauyi.

Sabi'u, "to" ɗin nan da ka ba ni, na maido maka abarka. Ba da son ranka ka bayar ba, girma na sa na ƙwace ta, kuma abin da aka ƙwata ba alkawari ba ne. Ba za ka buga kofin bana ba, ko wasa ɗaya, ko shigowar ƙarshe da za a ce don jama'a su gan ka. Na san halinka, za ka karanta wannan ka ce Yaya kara yake yi, ka sako takalman ƙwallon a ƙasan jaka ko da za a buƙata. Kada ka sako. In na taɓa samun iko a kanka, yau nake so in yi amfani da shi a inda ya dace: ka bar su a can.

Mutanen gari kuma su sani ba kai ka ƙi ba, ba girman kai ba ne, ba birni ne ya canza ka ba. Ka amsa, da ciwonka ka amsa. Ni na yi alkawarin abin da ba nawa ba, ni na ɓoye abin da na gani. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Hotunan da aka manna ni zan bi in ɓamɓare su, dillalin albasa kuma ranar kasuwar Bunkure zan same shi a rumfarsa in tsaya ya yi dariyarsa ta ishe shi. Na san za a sa min suna, na ma fara jin wanda ake gwadawa. In kuma dole sai ɗan gidanmu ya shiga fili, ga ni da tumbina, a ba ni jesi a ajiye ni a baya. 'Yan Bunkure su sake ɗaukar kofin, ba yau suka fara ba, kuma ba mu mutu ba.

Amma ka zo gida. Wannan kam roƙo ne, ba umarni ba. Inna ta share ɗakinka tun ba a ce za ka zo ba, ta tanadi kuka da daddawa, ta ce ƙibar da na ce ka yi tana so ta gani da idonta. Gefen gonar da Baba yake bari, bana na bar shi, ban sani ba ko na makara. Mangwaron ƙofar gida ya yi inuwa, na sayi sabuwar tabarma.

Ka zo ka kwanta a kanta da rana tsaka, a nan ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani. Ni zan zauna a kan dakali kusa da kai. Duk wanda ya tsaya ya ce zazzaɓi ne, ba sai ka ɗago ba, ni zan ba shi amsa. Zan ce a'a, hutawa yake yi.

Allah ya ba ka lafiya, ya haɗe abin da ya tsage, ya tsare ka a sauran wasannin da suka rage maka da hanyoyin da za ku bi. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna nisan kwana. Allah ya yafe min, kai ma ka yafe min. Kuma Allah ya nuna min ranar da za mu tsaya sahu ɗaya ni da kai, in ji ka kai goshinka ƙasa ba tare da ka cije leɓe ba. Amin.

Ni ne yayanka mai jin kunyarka,
Haladu